Amurka: a unguwar Skid Row, maƙwabta da ƴan sanda sun shekara talatin suna neman bakin zare

A tsakiyar Los Anjeles, birni na biyu wajen yawan jama'a a ƙasar Amurka, akwai wata unguwa da dubban mutane ke kwana bisa titi, a ƙofar kantuna da mangazoyin manyan ƴan kasuwa. Tun shekara ta 1993 hukuma ta girka kwamitocin da ke haɗa mazauna unguwanni da ƴan sanda domin su tattauna zancen tsaro. An yi taruka, an yi kame, an je gaban alƙalai, an zuba kuɗɗi masu yawa, har rai ya salwanta. Tarihin wannan unguwa ya nuna abin da haɗin kan jama'a da ƴan sanda ke iya gyarawa, da kuma inda ƙarfinsa ke ƙarewa.

Ayari biyu bisa hanya guda

Daga tsakiyar shekarun 2000, har tsawon shekaru da dama, sau ɗaya a kowane wata, wani ayari kan fito da maraice ya zagaya titunan Skid Row da ƙafa. A cikinsa akwai masu kantuna, da ƴan sanda cikin kakinsu, da ma'aikatan magajin gari, da masu kula da gidajen agaji, da wasu daga cikin mazauna unguwar. Ƙungiyar ƴan kasuwar yankin, wadda ake kira Central City East Association, ita ce ke shirya wannan zagaye, tare da goyon bayan Jan Perry, wakiliyar yankin a majalisar gari a wancan lokaci. Manufarsu ita ce su nuna ma dillalan ƙwaya cewa titin na da masu shi, su ga fitilun da suka mutu da sharar da ta taru, su kuma yi tayin makwanci ga wanda ke so.

A shekara ta 2011, wani ayari na biyu ya shiga bin bayan na farko yana kuwwa. Waɗannan ƴan wata ƙungiya ce ta talakawan unguwar mai suna LA CAN, wadda aka girka a 1999. A ganinsu, zagayen na ƴan kasuwa share fage ne na korar talaka daga tsakiyar gari, inda farashin fili ke ta hawa. Abin lura shi ne, kowane ayari na kiran kansa mazauna unguwa, kowanensu kuma tsaro yake nema. Mai mangaza na tsoron gobara da fasa ƙofa. Mai kwana cikin tanti na tsoron wuƙar dare, yana kuma tsoron ɗan sandan da zai kwashe bargonsa da maganinsa da asuba. Kusan duk rigimar Skid Row na cikin wannan tambaya: in an ce ƴan sanda su yi aiki da jama'a, wace jama'a ake nufi?

Yadda unguwar ta samo asali

Skid Row ƙaramin wuri ne, faɗinsa bai wuce kilomita guda murabba'i da kaɗan ba, tsakanin titi na 3 da na 7, da titin Main da na Alameda. Ƙidayar 2022 ta samu wajen mutum dubu 4 da 400 marasa gida a cikinsa, waɗanda kusan dubu 2 da 700 daga cikinsu ke kwana a waje. A gefensu akwai dillalan kayan wasan yara, da masu sarin kifi, da ɗakunan sanyi na ajiyar abinci, da manyan motocin kaya masu kai-komo tun kafin gari ya waye.

Ruwa ba ya tsami banza. Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Los Anjeles a ƙarshen ƙarni na 19, ƴan cirani masu aikin gonaki da masana'antu suka riƙa sauka kusa da tasha. Aka gina musu ƙananan otel-otel masu ɗaki ɗaya-ɗaya, masu arha. Gidajen agaji na addini suka biyo baya: Union Rescue Mission a 1891, Midnight Mission a 1914. Bayan yaƙin duniya na biyu, hukumar gari ta shiga rushe waɗannan tsofaffin otel-otel saboda lalacewa, har wajen rabin ɗakunan suka ɓace kafin tsakiyar shekarun 1970. A daidai wannan zamani ne jihar Kalifoniya ta yi dokar 1967 da ta taƙaita tsare masu taɓin hankali ala tilas, aka kuma rage manyan asibitocin mahaukata, ba tare da an gina isassun wuraren kula da su cikin gari ba.

A 1976 magabatan birnin suka tsai da shawarar da ta yi ma unguwar tambari har yau: a bar sauran ɗakunan masu arha, a tattara gidajen agaji wuri guda, a kuma hana matsalar bazuwa cikin sauran gari. Masu kare talakawa sun goyi bayan shirin domin ya ceci ɗakunan daga rushewa. Masu dukiya sun goyi bayansa domin ya nisanta mabarata daga ƙofarsu. Sakamakon shi ne Skid Row ta zama wurin da ake kai duk wanda gari ya rasa yadda zai yi da shi. Wanda ya fito daga kaso nan yake dosa. A tsakiyar shekarun 2000 har an kama wasu asibitoci suna sauke marasa lafiya a bakin titin unguwar, wasu da rigar asibiti a jikinsu, abin da ya sa gari ya yi dokar hana hakan. Hodar ibilis ta shekarun 1980, da ƙwayoyin da suka biyo bayanta, suka ƙara ma borno dawaki.

Kwamitocin unguwa

Tunanin zaman ƴan sanda da jama'a bisa teburi guda ya samu ƙarfi ne bayan wata babbar fitina. Ran 3 ga watan Maris na 1991, wani mutum ya ɗauki hoton bidiyo na ƴan sanda suna dukan wani baƙar fata mai suna Rodney King. Da kotu ta wanke ƴan sandan a watan Afrilu na 1992, birnin ya kama da wuta. Mutum sama da 60 suka mutu, aka yi hasarar dukiya ta wajen miliyar guda na dalar Amurka. Kwamitin bincike na Warren Christopher, wanda aka naɗa tun 1991, ya riga ya ba da shawarar cewa rundunar ta kusanci jama'a. Ta haka ne a 1993 aka girka kwamitocin ba da shawara na jama'a da ƴan sanda, ɗaya a kowace komisariya. A yau birnin na da komisariya 21 na yankuna. Wadda ke kula da Skid Row tana bisa titi na 6, cikin unguwar kanta.

Tsarin aikin ba shi da wuyar ganewa. Shugaban komisariya da wani farar hula ne ke jagorantar kwamitin tare. Ana zama a kai a kai, galibi wata-wata. Ƴan sanda su kawo lissafin laifukan da aka yi, jama'a su kawo kokensu. Banda wannan, kowane yanki na da ɗan sanda guda da aka ɗora ma alhakin sanin mutanensa: ya san mai kanti, ya san limamin coci, ya san wanda ke kwana a lungu. Shi ne ake kira in an ga abin da ba na gaggawa ba. A Skid Row, wanda ya fi shahara a wannan aiki shi ne Deon Joseph, baƙar fata, wanda ya yi sama da shekara 20 a unguwar. Ya shirya zama na musamman da matan titi domin koya musu kare kai da kuma hanyar kai ƙara in an yi musu fyaɗe, ya kuma sha faɗa a rubuce-rubucensa cewa waɗanda suka fi shan wuyar dillalan ƙwaya su ne marasa gidan da kansu.

Su ma ƴan kasuwa ba su tsaya jiran hukuma ba. Dokar Kalifoniya ta ba masu gidaje da filaye na yanki guda damar ɗora ma kansu ƙarin haraji, su ɗauki masu shara da masu gadi da kuɗɗin. A Skid Row, jajayen riguna ne alamar waɗannan masu gadi. Sun kwashe shara mai ɗimbin yawa, to amma an sha zarginsu da kwashe kayan mutane tare da sharar, har maganar ta kai kotu a 2014. LA CAN kuwa, tun 2005 ta girka nata ƴan sintiri, masu yawo da kyamara suna ɗaukar hoton yadda ƴan sanda da masu gadi ke mu'amala da talakawa. Sai ya zamana mai tsaro na tsaron unguwa, unguwa kuma na tsaron mai tsaro.

Rauni na farko da aka gano ga kwamitocin shi ne, mai adireshi da lokacin zuwa taro shi ake ji. Mutumin da ke tsoron barin tantinsa kada ya dawo ya tarar an kwashe shi, da wuya ya je zaman awa biyu a komisariya. A watan Afrilu na 2017, mazauna Skid Row a ƙarƙashin jagorancin marigayi Jeff Page sun nemi a ba su majalisar unguwa tasu ta kansu, dabam da ta tsakiyar gari. Aka jefa ƙuri'a, suka faɗi: 766 suka amince, 826 suka ƙi.

Ƴan sanda 50 da takardun tara dubu 12

William Bratton, wanda ya shugabanci ƴan sandan birnin daga 2002 zuwa 2009, ya zo daga Niyu Yok da wata aƙida da malamai biyu, James Wilson da George Kelling, suka bayyana a 1982. Ma'anarta a taƙaice: in aka bar taga ɗaya a fashe ba gyara, sauran ma za su fashe; wato hukunta ƙananan laifuka na toshe hanyar manya. A watan Satumba na 2006, shi da magajin gari Antonio Villaraigosa suka ƙaddamar da wani shiri mai suna Safer Cities, suka ƙara ƴan sanda 50 cikin wannan ɗan ƙaramin fili. Ƴan kasuwa sun yi marhabin da shirin, haka ma wasu daga cikin mazauna otel-otel masu arha, waɗanda suka gaji da tsallake masu saida ƙwaya a ƙofar ɗakinsu.

Cikin watannin farko tantuna sun ragu, titi ya buɗe. Sai dai binciken da Gary Blasi, malamin shari'a a jami'ar UCLA, ya fitar a 2007 ya nuna ɗayan gefen. A shekarar farko kaɗai an yi kame wajen dubu 9, an kuma rubuta takardun tara wajen dubu 12, mafi yawansu na masu tafiya da ƙafa ne, kamar tsallaka titi ba bisa ƙa'ida ba. A wancan lokaci tarar irin wannan laifi dalar Amurka 159 ce, alhali tallafin da hukuma ke ba matalauci marar iyali a wata bai wuce 221 ba. Wanda bai biya ba, sai kotu ta ba da sammacin kama shi. Wanda aka kama, in yana da ɗaki yana iya rasa shi, in yana jiran layin samun gida yana iya rasa gurbinsa, kayansa kuma sun tafi. In ya fito daga kaso, titin nan dai zai koma, da sabon tabo a takardunsa wanda zai sa mai gidan haya ko mai ɗaukar aiki ya juya masa baya.

Malamai sun yi saɓani bisa amfanin shirin. Richard Berk da John MacDonald, a binciken da suka buga a 2010, sun ce laifuka sun ragu a yankin saboda shi. Blasi da Forrest Stuart kuwa sun nuna cewa manyan laifuka na raguwa a duk faɗin birnin a waɗannan shekaru, har a unguwannin da ba a ƙara ɗan sanda ko ɗaya ba. Abin da ba a yi gardama a kansa ba shi ne, ɓangaren shirin da ya shafi gidaje da magani bai samu kuɗɗin da ɓangaren kame ya samu ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Bayan ƴan shekaru tantuna suka dawo.

Alƙalai sun tsoma baki

A 1968 Los Anjeles ta yi dokar da ta hana zama ko kwanciya ko barci a gefen titi, da hukuncin tarar da ke iya kai dalar Amurka dubu ɗaya ko ɗaurin wata shidda. A 2003, mutum shidda marasa gida suka kai gari ƙara. A watan Afrilu na 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba su gaskiya: muddin yawan marasa gida ya zarce yawan gadajen kwana, hukunta mutum domin ya yi barci a waje zalunci ne da tsarin mulki ya hana. A 2007 aka sasanta: an yarda a kwana a gefen titi daga ƙarfe 9 na dare zuwa 6 na safe, har sai gari ya gina gidaje 1,250 na dindindin ga marasa gida. A 2012 kotun ta sake yanke hukunci cewa ba a da ikon kwashe kayan mutum a lalata domin kawai ya bar su ya tafi cin abinci ko wanka.

Waɗannan hukunce-hukunce sun ɗaure hannun ƴan sanda, sun kuma fusata ƴan kasuwa, waɗanda kokensu ba na banza ba ne. A farkon 2021, ma'aikatan kashe gobara na birnin sun ce fiye da rabin gobarar da suke kashewa na da nasaba da zaman titi, kuma wutar da ta tashi daga tanti ba ta tambayar mai mangazar da ke jingine da shi. A ɗaya gefen, wani bincike na 2017 ya samu makewayi 9 kacal a buɗe da dare ga mutum wajen 1,800 masu kwana a waje, alhali ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya a sansanin ƴan gudun hijira ita ce makewayi ɗaya ga mutum 20. Ƙazantar da ɗan kasuwa ke kuka da ita a taron kwamiti, da makewayin da mai tanti ke nema, matsala ɗaya ce aka kalla ta fuska biyu.

A 2020, wata gamayya ta ƴan kasuwa da mazauna tsakiyar gari ta kai hukumomi ƙara da kanta, tana neman a tilasta musu samar da makwanci. A 2022 gari ya ɗauki alkawarin samar da gurabe kusan dubu 13 cikin shekara biyar.

Mutuwar «Afirka»

Ran 1 ga watan Maris na 2015, da rana tsaka, ƴan sanda suka je titin San Pedro bisa kiran da aka yi musu cewa an yi ƙwace. Wanda ake zargi ɗan asalin ƙasar Kamaru ne mai shekara 43, Charly Keunang, wanda maƙwabtansa na titi ke kira «Afirka». Ya yi shekaru a kaso, an kuma taɓa yi masa maganin taɓin hankali a can. Gardama ta kaure a bakin tantinsa, aka yi kokawa, aka kada shi ƙasa, sannan aka harbe shi har lahira. Wani mai wucewa ya ɗauki abin da wayarsa, miliyoyin mutane suka gani a Facebook.

Ƴan sandan sun ce ya kai hannu ga bindigar ɗayansu. Hukumar da ke sa ido bisa aikin rundunar ta ce harbin bai saɓa ma ƙa'ida ba, mai gabatar da ƙara kuma ya ƙi gurfanar da kowa. Iyalinsa suka shigar da ƙarar neman diyya. A 2018 masu taya alƙali yanke hukunci a kotun tarayya suka ɗora alhaki bisa biyu daga cikin ƴan sandan, gari ya amince ya biya dalar Amurka miliyon 1 da dubu 950, wato sama da miliyar guda na sefa.

Wannan mutuwa ta ɓata amanar da aka daɗe ana ginawa, ta kuma fito da wata gaskiya fili: ɗan sanda da bindiga shi ne ake turawa ga matsalar da ta fi buƙatar likitan ƙwaƙwalwa. Tun 1993 rundunar na da ƴan tawagogi da ke haɗa ɗan sanda da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa a mota guda, amma yawansu bai taɓa isar kiraye-kirayen ba. A 2022 gari ya soma wani tsari mai suna CIRCLE, inda ake karkatar da kiran da ya shafi marar gida, in babu makami ko faɗa a ciki, zuwa ga ma'aikatan agaji marasa bindiga, waɗanda wasunsu sun taɓa zaman titi. Su kansu manyan ƴan sandan birnin sun sha faɗin cewa kame ba zai kawo ƙarshen rashin gida ba.

In babu ƙofa, ina za a tura mutum?

Akwai zaton da ya yaɗu cewa marasa gidan Kalifoniya baƙi ne da suka zo shan iska mai daɗi. Babban binciken da jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko ta fitar a 2023 ya rushe wannan zato: kashi 90 cikin 100 a cikin jihar suka rasa gidansu, kashi 75 kuma suna zaune a gundumar da suka yi zaman gida na ƙarshe. Matsakaicin abin da ke shigo ma gidajensu a wata kafin su faɗa titi dalar Amurka 960 ne, kuɗɗin da ba su isa hayar ƙaramin ɗaki a Los Anjeles ba. Baƙar fata, waɗanda ba su kai kashi 10 cikin 100 na jama'ar gundumar ba, su ne wajen kashi ɗaya bisa uku na marasa gida. A 2022 da 2023, sama da mutum dubu 2 marasa gida ke mutuwa kowace shekara a gundumar, shidda zuwa bakwai a yini, kuma ƙwaya ce kan gaba wajen kisa.

Tun 2007 hukumar gunduma ta gwada wata dabara a Skid Row: ta zaɓi mutum 50 da suka fi kusa da mutuwa bisa titi, ta ba su ɗaki ba tare da sharaɗin sai sun bar shaye-shaye ba, sannan ta kai musu likita. Da aka yi lissafi, abin da aka rage na kuɗɗin asibiti da kaso ya ɗan zarce abin da aka kashe. Birnin Houston na jihar Teksas ya bi wannan hanya da faɗi. Daga wajen mutum dubu 8 da 500 a 2011, yawan marasa gidansa ya ragu da sama da kashi 60 cikin 100 cikin shekara goma sha, bayan an sa fiye da mutum dubu 25 cikin gidaje. Ƴan sandan can ma na da tawaga ta musamman tun 2011, wadda ɗaya daga cikin ayyukanta shi ne taimaka ma mutum ya samu katin shaida, domin in babu shi ba haya ba aiki. Sai dai haya a Houston ta fi arha nesa ba kusa ba.

A Los Anjeles, jama'a sun buɗe bakin aljihu. A watan Nuwamba na 2016, sama da kashi uku bisa huɗu na masu ƙuri'a suka amince gari ya ci bashin dalar Amurka miliyar 1 da miliyon 200 domin gina gidaje dubu 10. A 2017 suka ƙara ma kansu harajin saye da sayarwa, suka kuma ninka shi a 2024. To amma tsadar fili, da jinkirin takardu, da adawar unguwannin da ba su son a gina irin waɗannan gidaje kusa da su, sun sa a 2022 mai binciken kuɗɗin gari ya gano cewa kowane gida guda na cin kusan dalar Amurka dubu 600. Wani lokaci mutumin da ya fi ɗaga murya a taron kwamiti cewa a kwashe tantuna, shi ne kuma ke kan gaba wajen hana ginin da zai kwashe su.

Karen Bass, ranar da ta kama aikin magajin gari a watan Disamba na 2022, ta ayyana dokar ta-ɓaci bisa rashin gida, ta kuma soma shirin kwashe mazauna tantuna zuwa ɗakunan otel, inda ma'aikatan agaji ke gaba, ƴan sanda na baya. Ƙidayar 2023 ta samu sama da mutum dubu 75 marasa gida a gundumar, dubu 46 daga cikinsu a cikin birnin. A 2025 adadin ya sauko zuwa wajen dubu 72 a gundumar da dubu 43 da 700 a birnin. Raguwa ce, amma tsugune ba ta ƙare ba.

Sanda ta dawo hannun hukuma

Ran 28 ga watan Yuni na 2024, Kotun Ƙoli ta Amurka, da rinjayen alƙalai 6 bisa 3, ta yanke hukunci a shari'ar garin Grants Pass cewa garuruwa na da ikon hukunta mai kwana a waje, ko da babu gadon da za a ba shi. Bayan wata guda gwamnan Kalifoniya, Gavin Newsom, ya ba da umarnin a tashi sansanonin tantuna daga filayen jiha. Ikon da alƙalai suka rage ma ƴan sanda tun 2006 ya dawo musu, a daidai lokacin da birnin ke shirin karɓar wasannin Olimpik na 2028, da duk matsin lambar share tituna da irin wannan biki ke zuwa da shi.

Shekara talatin na taruka sun bar darussa da ba su da wuyar karantawa. Inda ɗan sanda ya daɗe a unguwa har ya san mutane da sunansu, an fi kai masa rahoton mai laifi na gaske. Inda aka cika takardun tara bisa waɗanda ba su da abin biya, shaidu sun yi shiru, dillali ya samu sarari. Inda aka kori tanti ba tare da an nuna ma mai shi ƙofa ba, ya koma lungu na gaba, ya zama koken wani kwamitin. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Skid Row, har wanda ba shi da ɗakin ya san inda ruwan ke zuba, kuma kujerarsa a teburin shawara ita ce har yanzu ta fi yawan zama babu kowa.